Tambayoyinku Kan Kwamfuta: "Kompaila Ta Ce Ba Ta San Fankshan Ɗina Ba"

Wasiƙun da suka shigo a wannan karon kusan duk ƙorafi ɗaya suke ɗauke da shi, kowa da irin tasa fuskar. Na zaɓi biyar. Ta farkon za ta ci mana wuri, domin wanda ya gane ta ya gane rabin sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, shekarata ta biyu ke nan da fara koyon yaren C. Ina da ƙaramar manhaja mai fayil biyu. A cikin `rajista.c` na rubuta fankshan mai suna `nemo_suna`, ana ba shi lambar mutum ya dawo da sunansa, ni kuma ina kiransa daga `main.c`. A tsohuwar kwamfutata komai yana tafiya lami lafiya. Da na sauya kwamfuta na ɗora sabon Linux, sai GCC ta ƙi haɗa mini aikin, tana cewa `error: implicit declaration of function 'nemo_suna'`. Wani abokina ya ce in ƙara `-fpermissive`. Na ƙara, aikin ya haɗu, amma ina kunnawa sai manhajar ta mutu da `Segmentation fault`. Wallahi ko harafi ɗaya ban taɓa ba. Shin sabuwar GCC ce ke da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. GCC, wato kompailar da kake amfani da ita, lafiyarta ƙalau. Ɓarakar tana cikin kod ɗinka tun ranar da ka rubuta shi, tsohuwar kwamfutar ce kawai ta daɗe tana rufa maka asiri.

Ka fara riƙe wannan: kompaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa yaren da kwamfuta ke ganewa, fayil ɗaya take karantawa a lokaci guda, daga sama zuwa ƙasa, kuma ba ta leƙa maƙwabta. Lokacin da take cikin `main.c`, ba ta da labarin akwai wani abu wai shi `rajista.c`, ko da kuwa a layi ɗaya ka rubuta sunayensu a taminal. Idan ta iso inda ka kira `nemo_suna`, tana bukatar sanin abubuwa nawa za a miƙa masa, wane iri ne kowannensu, kuma wane irin abu zai dawo da shi. Da wannan bayanin ne take tsara inda za ta ajiye abin da za a miƙa, da inda za ta je ta ɗauko amsa. Layin da ke ba ta wannan bayani shi nake kira gabatarwa. Kai ba ka gabatar mata da shi ba, kawai ta ga baƙo ya faɗo mata.

A zamanin da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs, wajen 1972, dokar tana da sassauci. Idan kompaila ta ga sunan da ba ta sani ba da baka biyu, wato `()`, a gabansa, sai ta ƙaddara cewa fankshan ne mai dawo da `int`, ta wuce abinta. Ƙa'idar 1989, wadda ake kira C89, ta bar wannan sassaucin. Ƙa'idar 1999 ce ta soke shi. Sai dai kod ɗin da aka riga aka rubuta a kan tsohuwar ɗabi'a ya yi yawa a duniya, don haka masu kompaila suka ci gaba da yin gargaɗi kawai suna haɗa aikin, har tsawon shekara ashirin da wani abu. Apple ta rufe ƙofar a kompailar da ke cikin Xcode 12 a 2020. Wata kompailar, Clang 16, ta bi sahu a 2023, GCC 14 kuma a 2024. Tsohuwar kwamfutarka ma tana yi maka wannan maganar, da kalmar `warning` a gabanta, kana wucewa ba ka karanta ba. Ba kai kaɗai ba ne, dukanmu mun yi.

To me ya kashe manhajar bayan ka tilasta mata? Fankshan ɗinka `char *` yake dawowa da shi, wato manuni, adireshin wani wuri a memori. A Linux mai bit 64, manuni bit 64 ne, `int` kuma bit 32. A ce `malloc`, mai raba wuri a memori, ya ba wa `nemo_suna` wannan adireshin:

`0x000055d0c8a012a0`

Fankshan ɗin ya yi aikinsa daidai, ya ajiye adireshin cikakke a rijistar `rax`, wata ƙaramar ma'ajiya a cikin furosesa. Amma `main.c` an haɗa shi a kan zaton `int` ne zai dawo, don haka rabin ƙasa kawai ya ɗauka, wato `eax`, wanda ke ɗauke da `c8a012a0`. Da za a mayar da shi manuni sai aka faɗaɗa shi, kuma tunda bit ɗinsa na sama a kunne yake, an ɗauke shi lamba ce mai ragi, aka cike saman da `f`:

`0xffffffffc8a012a0`

Wannan wurin ba na manhajarka ba ne. `printf` na miƙa hannu can sai kanel, wato zuciyar Linux, ta kashe ta. Idan tsohuwar kwamfutarka mai bit 32 ce, can `int` da manuni girmansu ɗaya, babu abin da za a yanke. Idan ma mai bit 64 ce, tsofaffin tsare-tsare suna yawan ɗora manhaja a ƙasan memori, inda adireshi ke shiga cikin bit 32 ba tare da asara ba. Sababbin suna ɗora ta can sama, a wurin da ke sauyawa duk kunnawa, saboda tsaro.

Gyaran bai kai tsawon bayanin ba. Buɗe sabon fayil, ka sa masa suna `rajista.h`. Irin wannan fayil mai ɗauke da gabatarwa shi ake kira heda:

```
#ifndef RAJISTA_H
#define RAJISTA_H

char *nemo_suna(int lamba);

#endif
```

Sai ka rubuta `#include "rajista.h"` a saman `main.c`, ka kuma rubuta shi a saman `rajista.c`. Mutane da yawa suna tsallake na biyun, suna ganin ai fankshan ba ya bukatar a gabatar da shi a gidansu. Amfaninsa shi ne, ranar da ka sauya `int lamba` zuwa `long lamba` a jikin fankshan ka manta da heda, kompaila za ta ga maganar biyu ta saɓa, ta tsayar da kai da `conflicting types`. Idan ba ta ga hedar a can ba, kowane fayil zai haɗu da nasa zancen, linka kuma, mai ɗinke fayilolin su zama manhaja ɗaya, suna kawai take dubawa, ba ruwanta da iri.

Shawarar abokinka kuwa, gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Kompaila ta nuna maka layi da sunan fankshan, kai ka toshe mata baki, sai ka koma neman dalilin mutuwar manhaja a duhu. Kuma ka gode wa Allah da ta mutu. Ni abin da ya same ni ya fi naka muni.

Shekarun baya na rubuta manhaja mai karɓar ma'aunin zafi daga wata na'ura, sau ɗaya kowace awa, ta fitar da matsakaicin yini. Fankshan ɗin da ke lissafin, `matsakaici`, `double` yake dawowa da shi, kuma yana wani fayil daban wanda na manta ban yi masa heda ba. Kullum manhajar sai ta buga 24.0. Lambar ba ta yi kama da shirme ba, digiri 24 zafi ne da hankali zai ɗauka, don haka kwana da kwanaki ban yi zargin komai ba. Sai da na riƙe na'urar a tafin hannuna har ta ɗumama na ga amsar ba ta motsa ba. Ashe a furosesa mai bit 64 irin x86-64, `double` ta rijistar `xmm0` yake dawowa, `int` kuma ta `eax`. Amsar gaskiya tana zaune a `xmm0` babu mai ɗauka, ni kuma ina kwasar ragowar abin da zagayen lissafi ya bari a `eax`, wato adadin awannin yini. Da na koma na duba abin da kompaila ta buga, gargaɗin yana nan, layi na uku daga sama. Tun daga ranar duk aikin da na fara sai na sa `-Wall -Wextra -Werror=implicit-function-declaration`, tun kafin GCC ta mayar da shi dole.

Ƙari ɗaya, tunda kana koyo. Ko a fayil ɗaya ne, idan ka rubuta fankshan a ƙasan `main` ka kira shi a sama, kuskuren nan za ka gani, saboda dokar sama zuwa ƙasa. Ko dai ka hau da shi sama, ko ka sa layin gabatarwarsa a sama. Idan kuma ba a bukatarsa a wajen fayil ɗin, sa masa `static`. Fankshan da ba ya karɓar komai kuwa, rubuta `void` a cikin bakansa. Kafin C23, baka biyu wayam ba ya nufin "babu komai", yana nufin "ban faɗa ba", kuma kompaila ba za ta duba abin da ka miƙa ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni na sa `#include <string.h>` yadda ya kamata, amma har yanzu ana ce mini ba a san `strdup` ba. Sauran irin su `strlen` da `strcpy` duk suna aiki. Malaminmu ya ce dole mu haɗa aikin da `-std=c11`. Ina kuskurena? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Barka kadai, Malama. Hedar da kika sa daidai ce. `strdup` yana cikinta, amma a bayan labule.

Abin da ake kira laburaren C a Linux, wato glibc, gida ne mai haya da yawa. Akwai fankshan na ainihin ƙa'idar C, akwai na POSIX, ƙa'idar tsarukan dangin Unix, akwai kuma waɗanda GNU ta ƙara da kanta. `strlen` ɗan gida ne tun C89. `strdup` kuwa na POSIX ne, bai shiga ƙa'idar C ba sai a C23. Da kika ce `-std=c11`, kin gaya wa GCC tsantsar C11 kike so ba gauraye, sai hedar ta ɓoye duk abin da ba na C11 ba.

Ki rubuta wannan a layin farko na fayil ɗinki:

`#define _POSIX_C_SOURCE 200809L`

Na ce layin farko, kuma da gaske nake. Idan ko `#include <stdio.h>` ya riga shi, aikin gama ya gama, domin heda ta farko da aka buɗe ita ce ke jawo fayil ɗin da ke yanke hukuncin abin da za a nuna da abin da za a ɓoye, kuma ba a sake zaman. Na sha ganin ɗalibai sun sa shi a layi na huɗu suna rantsuwa ba ya aiki. Idan fayilolinki da yawa, ya fi sauƙi ki miƙa shi wurin haɗawa da `-D_POSIX_C_SOURCE=200809L`. Da ba don sharaɗin malaminku ba, `-std=gnu11` ma zai buɗe labulen.

Ga ɗabi'ar da nake so ki ɗauka, wadda za ta raba ki da jiran amsata wata guda. Rubuta `man 3 strdup` a taminal. A saman shafin za ki ga hedar da ake bukata da cikakkiyar gabatarwar, ƙasa kaɗan kuma an rubuta wane `#define` ne ke buɗe shi. Idan kina son gani da idonki ko ya buɗu, `gcc -std=c11 -E aiki.c | grep strdup` zai nuna miki abin da kompaila ke gani bayan an zazzage duk hedoji a ciki. In kiranki kaɗai ya fito babu gabatarwa, labulen na nan. Haka za ki yi da `getline` da `fileno` da `nanosleep` ranar da suka yi miki irin wannan.

Banda guda biyu. `gets` ba ɓoye shi aka yi ba, korarsa aka yi daga C11, saboda ba shi da hanyar sanin girman wurin da yake zuba rubutu. Ki yi amfani da `fgets`. `usleep` kuma an cire shi daga POSIX na 2008, don haka layin da na ba ki ba zai fito da shi ba, `nanosleep` ne magajinsa.

Tambaya: Salam. Na gaji da kuskuren nan a kan `getch` da `clrscr`, sai na rubuta musu gabatarwa da hannuna a saman fayil. Kuskuren farko ya tafi, amma yanzu ana cewa `undefined reference to 'getch'`. Haka ma `sqrt` yake yi mini duk da na sa `math.h`.

Amsa: Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Wannan sabon saƙon ba daga kompaila ya fito ba, daga linka ne, mai ɗinke fayilolin da aka haɗa su zama manhaja ɗaya. Gabatarwa alkawari ce cewa fankshan yana nan a wani wuri. Kompaila ta yarda da kai, linka ta je nema ba ta samu ba.

Matsalolinka biyu ne daban. `sqrt` yana nan, a laburaren lissafi, sai dai ba a jawo shi sai an nema. Rubuta `gcc aiki.c -o aiki -lm`, kuma `-lm` ya zo bayan sunan fayil ɗinka, domin linka daga hagu zuwa dama take bi, tana ɗaukar abin da aka riga aka nema ne kawai. Kada ka ruɗe idan `sqrt(16.0)` ya wuce ba tare da `-lm` ba: GCC ce ta yi lissafin da kanta ta sa 4.0 a wurin, ba a kira kowa ba.

`getch` da `clrscr` kuwa babu su a laburaren C na Linux kwata-kwata. 'Yan `conio.h` ne, na zamanin DOS da Turbo C na kamfanin Borland, ba su taɓa shiga ƙa'idar C ba. Littafin da kake bi ya tsufa. Idan tsayar da allo kawai kake so, `getchar` ya isa. Idan kana son karanta maɓalli ba tare da jiran Enter ba, sai ka koyi `termios.h` ko laburaren ncurses, wanda ke da nasa `getch` ɗin. `itoa` ma in ka ci karo da shi, jirgi ɗaya ya kwaso su, `snprintf` zai yi maka aikinsa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na samo direban wata tsohuwar na'ura, ina son haɗa shi a kan sabuwar kanel ta Linux. Yana tsayawa da `implicit declaration` a kan `create_proc_entry` da `init_timer` da `kmalloc`. Wace heda ce na rasa?

Amsa: Tare da naka. Ɗaya daga cikin ukun ne kawai matsalar heda. `kmalloc` yana cikin `linux/slab.h`, ka sa shi. Mai direban bai sa ba ne saboda a zamaninsa wata hedar tana jawo masa shi a fakaice, daga baya aka raba su. In ka ci karo da `copy_to_user`, nasa `linux/uaccess.h` ne.

Sauran biyun sun riga mu gidan gaskiya. An cire `create_proc_entry` a kanel 3.10, a 2013, `proc_create` ya gaje shi. An cire `init_timer`, mai saita agogo, a 4.15, aka bar `timer_setup`. Kuma ba sauya suna kawai za ka yi ba. A tsohon tsari, fankshan ɗin da agogon ke kira `unsigned long` yake karɓa, a sabon kuma manuni zuwa `struct timer_list` yake karɓa, daga nan kake lalubo bayananka. `proc_create` shi ma tun 5.6 `struct proc_ops` yake so a maimakon `struct file_operations`. Masu kanel sun faɗa a fili cewa ba su yi wa kowa alkawarin fankshan ɗin cikin gida za su dawwama ba. Wanda ya shigar da direbansa cikin kanel ɗin, su ke gyara masa idan sun sauya abu. Wanda ya ajiye nasa a waje, gyaran na wuyansa.

Kada ka kuskura ka kwafo tsohuwar gabatarwa ka liƙa. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne `modpost`, mai duba direba wurin haɗawa, ya ce maka sunan `undefined` ne. A kanel babu wasa da irin wannan, shi ya sa suka mayar da gargaɗin nan kuskure shekaru da yawa kafin GCC 14: manhaja idan ta taɓa adireshin banza ita kaɗai ke mutuwa, direba kuwa yana iya tafiya da kwamfutar gaba ɗaya. Hanyar da nake bi ita ce in shiga kod ɗin kanel ɗin da nake haɗawa a kai, in yi `grep -rn timer_setup drivers/`, in ga yadda direbobin da ke ciki suke kiransa, in kwaikwaya. Idan dole direban ya yi aiki a tsohuwa da sabuwa, `LINUX_VERSION_CODE` da `KERNEL_VERSION` na cikin `linux/version.h` za su ba ka damar raba hanya da `#if`.

Tambaya: Malam, a Arduino ina rubuta fankshan a ƙasan `loop` kuma ba a taɓa yi mini ƙorafi ba. Da na mayar da kod ɗin fayil mai `.cpp` sai ga `was not declared in this scope`. To ina dokar sama zuwa ƙasan da ake faɗa?

Amsa: Tana nan daram, wani ne yake biya maka bashin a ɓoye. Kafin manhajar Arduino ta miƙa fayil ɗin `.ino` ga kompaila, tana bin sa ta tsamo sunayen fankshan ɗinka, ta rubuta musu gabatarwa a sama, ta ƙara `#include <Arduino.h>`. Fayil mai `.cpp` ba a yi masa wannan hidimar. Fayil mai `.cpp` na yaren C++ ne, shi kuma ba ya yarda da zaton `int`, shi ya sa kalmomin saƙon suka bambanta. Sa `#include <Arduino.h>` da hannunka, ka rubuta gabatarwar kowane fankshan a sama ko a heda. Idan wani daga cikinsu a fayil mai `.c` yake zaune, ka kewaye gabatarwarsa da `extern "C"`, in ba haka ba C++ za ta cusa irin abubuwan da yake karɓa cikin sunansa, linka ta je neman sunan da babu shi.